Bakanikiyar da Kubat Ya Ɓoye Min

Akwati biyu. Jakar allurai da safar hannu. Takardar shaidar karatuna a cikin leda. Bargo uku da Apa, mahaifiyata, ta ɗinka. Takalmin roba mai tsawo. Buhun albasa, don Apa ta ce ta garin Narin tsada gare ta. Kwalbar zuma ta kai wa matar yayana. Tayar ajiya guda, wadda ban duba ko da iska a cikinta ba.

Abin da ke cikin motar ke nan lokacin da ta fara kuka a hawan tsaunin Dolon.

Kukan siriri ne, kamar na ɗan kyanwa da aka rufe a kwali. Sai allurar zafi ta fara haurawa. Na gangara gefen hanya na kashe injin. Har yanzu akwai dusar ƙanƙara a bakin titi, ga shi muna tsakiyar watan Mayu. Manyan motoci suna wucewa suna girgiza ni.

Ga wanda bai san ni ba: sunana Bermet, shekarata ashirin da bakwai, shida daga ciki a Jamus na yi su ina karatun likitancin dabbobi. Ba na kuka da wuri, ba na kuma yi wa labari kwalliya. Motar ta marigayi mahaifina ce, tsohuwa 'yar Japan mai sitiyari a dama. Na baro Bishkek ne don na kama aiki a Narin, rigakafin tumaki da dawaki a ƙauyuka bakwai. Abin da na gaya wa ƙawayena ke nan. Ku zan gaya wa gaskiya: an ba ni aiki a Bishkek na ƙi. Saboda Kubat na zaɓi Narin.

Kubat injiniyan hanya ne. Mahaifiyarsa da Apa aji ɗaya suka yi, su suka haɗa mu. Na shirya ƙin sa tun kafin in ji muryarsa, sai ya ƙi ba ni dalili. Ba ya turo furanni, ba ya kirana da sunayen zuma. Kullum da safe hoton tsauni ɗaya zai turo, da layi ɗaya a ƙasa. Wata takwas muna haka. Saura kwana goma sha uku mahaifiyarsa ta zo ta sa min 'yan kunne na baiko, daga nan magana ta ƙare, sai biki.

Na ciro waya na rubuta masa.

Ni: Motar tana kuka. Ina Dolon.

Kubat: Bar ta ta huce. In zo?

Ni: A'a. Ka san bakanike na kirki a Narin?

Waya ta nuna yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya sake dainawa. Na ɗauka rashin sabis ne, a tsauni nake.

Kubat: Akwai wani a bayan kasuwar dabbobi. Gobe zan kai ki.

Na lallaɓa motar har gari, ina tsayawa duk bayan 'yan kilomitoci.

Gidan Yaya Samat farin gida ne mai shuɗayen tagogi, da dardumar ulu har bango, da barguna jibge a kan akwatin katako sun kusa taɓa rufi. Matarsa Nurila ce ta fito, da fulawa har gwiwar hannu. Jenge nake kiranta, kamar yadda kowa ke kiran matar yayansa. Ita kuma ba ta da damar kama sunan dangin miji, don haka tun ranar aurenta ta raɗa min nawa.

"'Yar Jamus! Wannan ƙashin kika kawo mana? Su can ba sa cin nama ne?"

"Suna ci, Jenge. Aunawa suke yi."

"To a nan ba ma aunawa. Cire takalmi. In surukarki ta ga wuyan nan za ta ce mun kawo mata zakara."

Washegari Kubat ya zo da kansa. Wannan ne karo na uku da na gan shi ido da ido. Dogo ne, ba ya yawan magana, yana sanye da jaket mai ruwan toka da aka goge sosai. Ya shiga gaba da motarsa, na bi shi har bayan kasuwar dabbobi.

Bakaniken mai gashin baki ne da katon ciki. Ya buɗe murfin injin, amma rigar sanyina ya fara kallo, sannan takalmina, sannan agogona.

"Ƙanwata, lagireto ya tafi."

"Ba ka ma tayar da ita ba."

"Shekara talatin ina wannan aiki. Ke kina tambayar tunkiya inda ke mata ciwo?"

Kubat ya yi murmushi ya kalli ƙasa. Na bar motar aka canja lagireto.

Kwana uku ta yi shiru. Ran na huɗu, a hanyar wani ƙauye, da akwatin rigakafi a kujerar baya yana jiran ya lalace, kyanwar ta dawo. Na koma. Mai gashin baki ya ce famfon ruwa ne. Ya canja. Na ce ya ba ni tsohon in gani.

"Na yar."

"A ina?"

"Kai, wannan ƙanwar tamu! 'Yar sanda ce ko likita?"

Ran Litinin ta sake kuka. Shugabana a wurin aiki ya ce makiyaya za su fara haurawa tsauni da garke, wanda ba shi da mota ba shi da ƙauye. Bai ɗaga murya ba. Ya dai faɗa sau biyu.

Da yamma ina zaune a kicin, Jenge tana yanka ƙullun da za ta soya, ni ina zagin bakanikan duniya.

"Wai ke me ya hana ki zuwa wurin Burul?"

"Wace ce Burul?"

Wuƙar ta tsaya.

"Kubat bai gaya miki ba?"

"Ya gaya min me?"

"To ni ma ban ce komai ba. Miƙo min man can."

"Jenge."

"Bakanikiya ce, shi ke nan! A bakin kogi take, garejin mahaifinta ta gada. Duk garin nan wurinta ake kai mota, har limamin unguwarmu da ba ya yarda da kowa. Ai 'yar'uwar Kubat ɗin ce ma." Ta zuba ƙullu a mai da ƙarfi har ya fantsamo. "Wataƙila mantawa ya yi. Maza ai haka suke."

Mutum ba ya manta bakaniken da garinsu duka ke zuwa wurinsa. Ran Talata da safe na tafi bakin kogi.

Garejin ƙarami ne, rufin kwano shuɗi, ƙasa a share. Kowace sifana tana rataye a kan ƙusarta. Ta fito tana goge hannu da tsumma. Za ta kai talatin. Rigar aiki shuɗiya da ta koɗe, jan ɗankwali ɗaure ta baya, tabon ƙuna a babban yatsa. Ba ta fi ni kyau ba. Na duba, kada ku ce ban duba ba. Amma akwai yadda take tsayuwa, kamar wadda ba ta taɓa jiran kowa ya yaba mata ba.

"Tayar da ita," ta ce.

Na tayar. Ta ɗauki dogon sukundireba ta ɗora bakinsa a jikin injin, ta kara kunnenta a mariƙin. Ta matsar da shi nan, ta matsar can. Ta rufe ido. Minti biyu ba su cika ba.

"Kashe. Wa ya sa miki sabon lagireto?"

"Wani a bayan kasuwar dabbobi."

"Allah ya ji ƙan tsohon, da ransa aka binne shi. Zo ki gani."

Ta danna fanbel da yatsa ɗaya, ya lotsa.

"Notin da ke riƙe shi ne ya saki. Bel yana sulɓewa, shi ne kukan. In ya sulɓe famfo ba ya juyawa, shi ne zafin. Bel ɗin ya cinye, zan canja. Sauran kayan lafiyarsu ƙalau, eje."

Ta kira ni eje, yaya, alhali ta girme ni. Ladabin aiki ne. Ni kuma na ji shi kamar ta matsar da ni gefe.

Ta canja bel, ta sa tsohon a leda ta miƙo min ba tare da na tambaya ba. Sannan ta ciro wani ɗan alƙalamin fenti daga aljihun ƙirji, ruwan ɗorawa, ta ja layi ɗaya daga kan notin zuwa jikin ƙarfen.

"Wannan fa?"

"Haka mahaifina ke yi. Duk notin da na ɗaure ina ja masa layi. In kika ga layin ya rabu biyu, notin ya motsa, ko wani ya sa hannu. Ba sai kin yarda da ni ba, ki yarda da idonki. In kin dawo na sake ɗaurewa, sai in goge tsohon in ja sabo."

Shekara shida na zauna cikin mutanen da ke alfahari da tsari, ban ga abin da ya burge ni kamar wannan layin ba. Na ji sanyi a raina. Na ce yau dai na samu wadda zan miƙa wa mabuɗi in juya baya.

"Wa ya aiko ki?" ta tambaya tana rufe murfin.

"Nurila, matar Samat."

"Ke ce likitar dabbobin." Ta naɗe tsumman gida biyu, ta sake naɗewa. "Ke ce ta Kubat."

"Kin san shi?"

"Kakanmu na shida ɗaya ne."

Ta faɗi lambar kamar wadda ta daɗe tana riƙe da ita a baki. Kowa a cikinmu ya san kakanninsa bakwai tun yana yaro, kowa kuma ya san sai an wuce bakwai ɗin ake aure. Mutumin da ya tsaya a "'yar'uwata ce" ba ya buƙatar ƙirgawa. Ita ta ƙirga.

Motar ta daina kuka. Ran Laraba na yi ƙauye biyu na dawo, allura ba ta motsa ba.

Ran Alhamis Kubat ya zo ya ɗauke ni in ga gidan da za mu zauna. Na sa doguwar riga baƙa da ɗan ƙaramin ɗankwali, Jenge ta fesa min turarenta har na yi atishawa. A hanya muka shiga bayan garken tumaki, taɓo ya rufe gilashi, ruwan wankewa ya ƙare. Ya tsaya ya ɗauko gora, ya buɗe murfin injin. Na fito don in miƙe ƙafa. Wallahi don in miƙe ƙafa na fito.

A kan batir na gani. Ɗan ƙaramin notin da ke riƙe wayar. Layukan ɗorawa sun kewaye shi kamar gashin ido. Wasu sun dushe, wasu sun yi ƙura, ɗaya yana ƙyalli kamar jiya aka ja shi.

Na ƙirga. Goma sha ɗaya.

"Batirin nan yana ba ka wahala?"

"Wani lokaci."

"Sabo ne ai."

"Haka suke yanzu, ba su da ƙarko."

"Wa ke gyara maka?"

Ya rufe gorar. "Duk wanda na samu."

Da muka koma mota na lura da abin da ke aljihun ƙofarsa, kusa da gwiwarsa. Sifana guda ɗaya, ƙarama, daidai wancan notin. Ba ya da sauran 'yan'uwanta.

Na ga gidan. Ɗaki uku, murhu sabo, bishiyar tuffa a tsakar gida. Ya nuna min inda zan ajiye littattafaina. Na ce ya yi kyau. Da gaske ya yi kyau, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Da na dawo ban ci abinci ba. Na shiga ɗaki na buɗe waya, na koma baya wata takwas, hoto bayan hoto. Tsauni da gajimare. Tsauni da rana. Tsauni da dusar ƙanƙara. Na dinga buɗe su ina duba gefe. A wasu, can ƙasa ta hannun hagu, akwai ɗan kusurwar rufin kwano shuɗi. A ƙarƙashin ɗaya ya rubuta: "Yau na tashi da tunaninki." Na tuna ranar. Ina cikin jirgin ƙasa a Jamus na karanta, na yi murmushi kamar wawiya har wata tsohuwa ta kalle ni. Ashe a tsakar garejinta yake tsaye, da kofin shayinta a ɗaya hannun.

Ba na son in yi muku bayanin kishi, kun san shi. Nawa dai bai zo da hawaye ba. Da tambayoyi ya zo, ƙanana, marasa amfani. Ko tana sa masa madara a shayi? Ko yana yi mata dariya da sauti, tunda ni murmushi kawai yake min? Ko ita ce ta ce masa jaket mai ruwan toka na yi masa kyau?

Ran Juma'a bayan azahar na koma bakin kogi. Tana ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya, ƙafafunta kawai ake gani.

"Ta sake kuka?" ta ce daga ƙasa.

"A'a. Lafiyarta ƙalau."

"To?"

"Batirin Kubat."

Ƙarar sifana ta tsaya. Ta jawo jikinta waje, ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana goge hannu.

"Batirinsa lafiya yake, eje."

"Daina ce min eje. Me ke kawo shi?"

Na zaci za ta kauce. Ba ta kauce ba. Yadda ta gaya min maganar fanbel, haka ta gaya min wannan.

"A kwanar gadar can yake tsayawa ya sassauta notin. Sai ya shigo ya ce motar tana masa gardamar tashi da safe. In ɗaure. Ya sha shayi kofi ɗaya. Ya tafi."

"Kin san shi ke kwancewa?"

"Layin yana rabuwa. Noti ba ya juya kansa rabin zagaye."

"Shi ya san kin sani?"

"Ba wawa ba ne."

"Me kuke cewa?"

"Ya tambayi lafiyar mahaifiyata. In tambayi tasa. Ya ce ruwan kogi ya ƙaru."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Yaushe ne na ƙarshe?"

"Shekaranjiya."

Laraba. Kwana ɗaya bayan na tsaya a wannan wurin. Lokacin ina durƙushe a garken wani tsoho ina neman jijiyar tunkiya.

"Ya ce me?"

"Ya ce wannan ne na ƙarshe."

"Kin yarda?"

"Haka ya ce a na tara."

Sai bakina ya fitar da abin da ban shirya ba. "Ba kya jin kunya? Ɗan'uwanki ne."

Ta ɗago ta kalle ni. Ba fushi a idonta.

"Shi ya sa noti kawai nake taɓawa."

Na juya zan tafi, sai na tuna. Na dawo.

"Kin ce min in kin sake ɗaure noti kina goge tsohon layi."

Ta ci gaba da goge hannunta.

"Goma sha ɗaya na ƙirga, Burul. Babu wanda aka goge."

Ta kalli kogin. Ta kalli hannunta. Wannan ce kaɗai tambayar da ba ta amsa min ba, ƙarya kuma ba ta yi ba. Ta kwanta ta koma ƙarƙashin motar.

Da ta yi min ƙarya ko sau ɗaya, da na samu abin da zan tsana in huta. Na zauna a motata, wadda ta gyara, injin yana tafiya lafiya lau kamar yana tsokanata.

Apa ta iso daga Bishkek da yammacin ranar, da doguwar riga ta karan-miski shuɗiya a cikin jaka. Ran Asabar tun da safe aka yanka tunkiya. Shimfiɗar abinci ta kama daga bango zuwa bango: soyayyar fulawa tsibi-tsibi, zuma, man shanu, busassun 'ya'yan itace, alewa a faranti masu hawa uku da aka aro daga maƙwabta. Yaya Samat yana waje yana ƙona kan tunkiya, ƙaurin ya cika gida.

Jenge ce ta shirya ni. Ta ɗaure min gashi, ta gyara wuyan rigar, sannan ta cire ƙananan 'yan kunnen azurfa da nake sawa, don surukata ta tarar da kunne babu komai.

"Jenge, kin san maganar batirin?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba.

"Kowa ya sani, 'Yar Jamus. Tun suna makaranta ne. Tsofaffi suka zauna suka ƙirga, aka tsaya a shida, shi ke nan. Babu abin da ya faru, babu abin da zai faru."

"Kowa ya sani ban da ni."

"To me za ki yi da sanin? Ba ya sha, ba ya duka, ba ya bin mata. Shayi kofi ɗaya! Wata mijinta a kwata ake tsinto shi. Ke zai kawo gida, ke za ki haifa masa 'ya'ya. Ita me ta samu? Man inji."

"Ta samu goma sha ɗaya."

"Kai, wannan yarinya! Karatu ya ɓata ki. Tsaya in sa miki jan baki."

Apa ta leƙo. Ta ji rabin maganar, ban san wane rabi ba.

"Bermet, an yanka tunkiya. Matar nan ƙawata ce tun muna 'yan shekara bakwai. Ko me ke cikin kanki, ki ajiye shi sai gobe."

Wajen ƙarfe ɗaya motoci uku suka tsaya a ƙofar gida. Ta taga na ga mahaifiyarsa ta fito da farin ɗankwali, tana riƙe da ɗan jan akwatin 'yan kunne da hannu biyu. Na ga Kubat da farar hularsa ta ulu. Ya yi kyau. Na ji haushin hakan. Na ɗauki waya na rubuta masa.

Ni: Zo bayan gida, wurin itacen wuta.

Kubat: Yanzu?

Ni: Yanzu.

Ya zo yana murmushi. Da ya ga fuskata murmushin ya tafi.

"Goma sha ɗaya," na ce.

Bai tambayi na mene ne ba. Ya cire hular ya riƙe.

"Ban taɓa ko riƙe hannunta ba, Bermet."

"Na sani. Ta gaya min."

"Kin je wurinta?"

"Motata take gyarawa. Ba kai ka kai ni ba, amma na je."

"'Yar'uwata ce."

"Shi ya sa ka kai ni wurin ɓarawo a bayan kasuwa? Ka tsaya kana kallon ƙasa yana min ƙarya. Ka san hanyoyin da nake bi, kai ka auna su. Ka gwammace mota ta mutu min a kan tsauni da in ga fuskarta."

"Ban so ku haɗu ba. Kuskure ne. Na daina, wallahi na daina. Laraba ce ta ƙarshe."

"Haka ka ce a na tara."

Ya runtse ido.

"Ina son ki," ya ce. "Ba ƙarya nake ba."

Na yarda da shi. Ku ji ni da kyau, na yarda. Mutum yana iya son gidan da ya samu, yana kuma bi ta ƙofar wanda aka hana shi.

"Tambaya ɗaya, Kubat. Da tsofaffin nan sun ƙirga sun wuce bakwai, ba su tsaya a shida ba, yau a ƙofar wane gida motocin nan za su tsaya?"

Na ba shi lokaci. Daga cikin gida ana jin ƙarar kofuna, da dariyar Jenge, da muryar Apa tana cewa bismillah, ku matso sama. Kalma ɗaya nake jira, ko ta ƙarya ce. Da ya ce "nan", wataƙila da na shiga na miƙa kunne. Ya buɗe baki. Ya kalli hular da ke hannunsa, ya juya ta.

Ashe su biyun iri ɗaya ne. Idan aka zo wurin, ba sa iya ƙarya.

Na shiga ta ƙofar kicin. Na wuce ta gaban ɗakin baƙi, mata sun fi goma a zaune, mahaifiyarsa ta riga ta buɗe jan akwatin a cinyarta. Na tsaya na sunkuya na gaishe ta yadda ya kamata, don ba ta yi min komai ba. Ta miƙo hannu tana murmushi. Na wuce.

Na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na zura sakata.

Apa ce ta fara bugawa, a hankali, don kada baƙi su ji.

"Bermet. Buɗe. Kada ki kunyata ni a gaban mutane."

"Ku ba su abinci, Apa. Su ci su ƙoshi, a ba su nama su tafi da shi."

"'Yan kunnen fa?"

"Su koma da su. Ba za a sa min ba, yau ko wata rana."

"To sai ki tattara ki bi ni Bishkek gobe! Da wane ido za ki zauna a garin nan?"

"Ba inda za ni. Ina da ƙauye bakwai. Motata kuma wurin Burul za ta ci gaba da zuwa. Ba na ƙaunar ganinta, amma ita kaɗai ce ba ta yi min ƙarya ba a Narin."